Zan kai mahaifiyata Hajji, ba ta taɓa shiga lifta ba: yaya ladabinta yake?

Tambaya: Wani ɗan'uwa maniyyaci ya rubuto cewa bana zai sauke farali tare da mahaifiyarsa, wadda ta manyanta kuma ciwon ƙafa ke damunta. An gaya musu masaukan Makka da Madina dogayen benaye ne, babu makawa sai da lifta. Ita ba ta taɓa shiga ba, shi ma bai saba ba, ga shi ya ji ana cewa alhazai na yawan cacar baki a bakin ƙofarta. Yana son sanin yadda ake shiga da yadda ake tsayawa a ciki, don kada su cuci kowa, kada kuma su ji kunya.

Amsa: Malam, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya ƙara wa Hajiya ƙarfin jiki. Ni sana'ata haɗa lifta da gyaranta ce, don haka ta wannan ɓangaren zan amsa maka. Galibin abin da ke haddasa rigima a bakin lifta rashin sanin yadda injin ke aiki ne. Wanda ya fahimci injin, ladabin ba zai ba shi wahala ba.

Ka fara da cire wa Hajiya tsoro, domin mai jin tsoro shi ne ke turjewa a bakin ƙofa ko ya cakumi na kusa da shi. Akwatin da ake shiga yana rataye ne da igiyoyin ƙarfe da dama, kuma ƙa'idar Turai, wadda yawancin liftocin da ake sayarwa ke bi, ta ce ƙarfin igiyoyin ya ninka nauyin da suke ɗauka sau 12 aƙalla. Bayan haka akwai birki a jikin akwatin, wanda ke damƙe ƙarafan da yake bi idan gudunsa ya wuce kima. Wannan birkin tsohon abu ne. A 1854 Elisha Otis ya hau kan wani dandamali a gaban jama'a a birnin New York, ya sa aka datse igiyar, dandamalin ya tsaya cak. A 1857 aka kafa liftar farko ta ɗaukar mutane a wani kanti a birnin. Abin da Hajiya za ta ji kawai shi ne ɗan sauyi a cikinta lokacin tashi da lokacin tsayawa. Ta riƙe ƙarfen da ke jikin bango, shi ke nan.

Kuskuren da ya fi kowanne cin lokacin jama'a ana yin sa ne tun kafin ƙofa ta buɗe. A jikin bango akwai maɓalli biyu, kibiya mai kallon sama da mai kallon ƙasa. Kibiyar tana faɗin inda kai kake son zuwa ne. Sau da yawa mutum yana hawa na 8, zai sauka masallaci, ya ga allo ya nuna lifta tana ƙasa, sai ya danna kibiyar sama da nufin ta taho sama ta ɗauke shi. Ita kuwa kwamfutar da ke sarrafa ta abin da ta fahimta shi ne akwai mai son zuwa hawa na 9 ko sama da haka. Sai ta tsayar masa da mai hawa sama, ƙofa ta buɗe, ya leƙa ya ce ai ƙasa zan yi, ƙofa ta rufe. Mutum goma da ke ciki sun tsaya a banza, shi kuma har yanzu bai kira wadda za ta sauke shi ba.

Lifta kamar motar haya take: mai zuwa Zariya ba ta juyawa don an tsayar da ita a hanya an ce Kano za a je. Idan ta doshi sama, masu hawa take kwasa har ta sauke na ƙarshe, sannan ta juyo ta kwashi masu sauka. Shi ya sa danna kibiyoyin biyu gaba ɗaya, wanda wasu ke ɗauka dabara ce, yake jawo tsayawa biyu a hawa ɗaya, guda a ciki ba ta da amfani. Kowace tsayawa na cin daƙiƙa goma ko fiye. Ka lissafa a bene mai hawa 15, kowane hawa da mai wannan dabarar, za ka gane dalilin da ya sa ake tsayuwa har ƙafa ta yi sanyi. Danna sau ɗaya ya wadatar. Da zarar fitilar maɓallin ta kama, kiranka ya shiga, ƙarin dannawa ba ya ƙara mata sauri, sai dai ya lalata maɓallin.

Kuna jira, ku tsaya a gefen ƙofa, ku bar tsakiya. Na ciki su fara fita. Wannan ita ce ƙa'idar da duk duniya aka yarda da ita, kuma dalilinta a fili yake: gurbin da kake son shiga yana ƙarƙashin ƙafar wanda ka tare wa hanya.

Akwai kuma wata matsala tamu ta gida, wato kara. Ƙofa ta buɗe, wannan ya ce "Bismillah, Alhaji," wancan ya ce "A'a, ranka ya daɗe, ai kai ne babba," a mayar a sake mayarwa, ƙofa ta gaji ta rufe a bar su duka a waje. Girmama na gaba abu ne mai kyau, amma ƙofar lifta 'yan daƙiƙoƙi kawai aka ba ta. Ka yi tayi sau ɗaya, idan aka mayar maka ka shiga. A Saudiyya za ka ga Larabawa suna nuna wa wanda ke hannun dama ya fara shiga. Idan kai ne a daman aka nuna maka, kada ka ja magana. Waɗanda ake ba hanya ba tare da la'akari da layi ba su ne mai keken guragu, da marar lafiya, da tsoho mai sanda, da mace mai ciki ko goyo. Hajiya tana cikinsu, amma kai ka roƙa mata da fara'a, kada ka kutsa da ita.

Kafin ta ɗaga ƙafa, ka duba ƙasa. Wani lokaci lifta kan tsaya ta ɗan ɗara daɓen ko ta ɗan gaza shi, kuma wannan ɗan tudun ne ya fi kayar da tsofaffi. Idan a keke za ka tura ta, ka shiga da baya, kai a gaba keken na biye, yadda fuskarta za ta kalli ƙofa, sannan ka ja birkin keken. Ƙananan tayoyin gaba suna iya faɗawa ratar da ke tsakanin akwatin da daɓe idan suka juya a karkace, don haka a miƙe ake ƙetare ta. Madubin nan da ke bangon baya, wanda mutane ke gyara hula a gabansa, ɗaya daga cikin amfaninsa shi ne mai keken da ya shiga da gaba ya ga bayansa lokacin fita.

Sai batun nauyi, kuma a nan ne aka fi ɓatawa. A saman maɓallan ciki akwai ɗan allo da aka rubuta iyakar abin da za ta ɗauka: kilo 630 mutum 8, kilo 1,000 mutum 13, kilo 1,600 mutum 21. Lissafin kilo 75 ne ga kowane mutum, kuma injin kilo yake aunawa, ba ya ƙirga kawuna. Mutum shida da manyan jakunkunan tsaraba sun cika lifta mai mutum takwas. Idan nauyi ya wuce, za ta yi ƙara, ƙofa ta ƙi rufewa, kuma ba za ta motsa ba ko za a kwana. Na sha ganin an tsaya ana kallon juna, kowa ya ɗauke kai, wani ya ɗaga jakarsa daga ƙasa ya rungume wai don nauyi ya ragu. Ma'aunin yana auna duk abin da ke kan daɓen akwatin ne, ko jakar na hannu ko tana ka. Wanda ya shiga a ƙarshe shi ke fita. In kuwa na ƙarshen tsohuwa ce, to saurayin da ya fi kusa da ƙofa ya sauka ya bar mata.

Wannan ma'aunin yana da wani aikin da mutane ba su sani ba. A liftoci da yawa, idan nauyi ya kai kimanin kashi 80 cikin 100, kwamfutar kan daina amsa kiran waje, ta wuce kai tsaye. Saboda haka idan an kusa sallah ka ga lifta ta wuce hawanku ba ta tsaya ba, lafiyarta ƙalau, cika ta yi tun daga sama. A nan ne wasu ke yin dabarar shiga mai hawa sama, su bi ta har ƙoli, don su sauko da gurbinsu a hannu. A ganina wannan tsallake layi ne. Yana hana masu hawa na gaskiya wuri, kuma shi ke sa mutanen hawa na tsakiya su yi ta kallon lifta tana wuce su cike. Maganin cunkoson lokacin sallah shi ne fita da wuri. Otal ɗin alhazai ya bambanta da sauran otal-otal, domin duk mazauna cikinsa lokaci ɗaya suke son fita, sau biyar a rana, kuma babu adadin liftar da zai iya da wannan. Da Hajiya a hannunka, ku sauko tun da sauran lokaci mai tsawo kafin kiran sallah, bayan an idar kuma ku ɗan zauna a Harami har turmutsitsin ya lafa. Tun wajen rabon ɗakuna ka roƙi jami'an hukumar alhazai ta jiharku su ba ta hawa na ƙasa-ƙasa. Kai kuma idan kai kaɗai ne kuma hawa ɗaya ko biyu za ka yi, bi matakala ka bar wa masu buƙata. In rai ya fara ɓaci a layi, ka tuna aya ta 197 a Suratul Baƙara ta hana jayayya a cikin Hajji, kuma ba ta ware bakin lifta ba.

Ƙofa ita ce ɓangaren da ya fi ba mu aiki, mu masu gyara. A sababbin liftoci akwai wani haske da ido ba ya gani, jere daga sama zuwa ƙasa a bakin ƙofar ciki. Idan wani abu ya gitta, ƙofa ta koma. Tsofaffin kuwa wani haske ɗaya ko biyu ne kawai, ko ƙarfe mai motsi a bakin ƙofar da sai an taɓa shi. Ba ka san wace iri ce a gabanka ba, don haka kada ka zura hannu ko sanda a ƙofar da ta kusa haɗewa. Wanda ke ciki ya danna maɓallin buɗewa, mai kibiyoyi biyu da suka juya wa juna baya. In babu mai danna maka, bar ta ta tafi, wata na zuwa.

Hasken nan kuma ba koyaushe yake ganin abu marar kauri ba. Gefen mayafi, bakin hijabi, hannun babbar riga, jelar harami, igiyar jakar wuya, carbi mai lilo, duk ƙofa na iya kamawa ta rufe a kansu lifta ta tashi. Ka koya wa Hajiya ta tattare mayafinta a gaba kafin ta shiga, ta kuma matsa daga bakin ƙofa. Idan da yaro, a riƙe hannunsa. Yara na son dafa ƙofa, in ta zo buɗewa sai ta ja yatsunsu cikin ratar bango.

Riƙe wa mai tahowa ƙofa alheri ne idan yana 'yan taku kaɗan. Amma sa ƙafa a ƙofa ana gaisawa da na waje, ina gajiya, ina mutan gida, yaushe kuka iso, wannan zaluntar na ciki ne da duk masu jira a kowane hawa. In gaisuwar mai tsawo ce, fito ku gaisa a tsanake. Haka tokare ƙofa da jaka ana jiran abokan ɗaki su gama shiri. Idan aka daɗe ana tare ta, wasu liftocin kan fara ƙara su rufe a hankali ko da mutum a wurin, wasu kuma kwamfutarsu ta ɗauka ƙofa ta lalace ta tsayar da aiki sai makaniki ya zo. An fi ganin haka ranar fita Mina, 8 ga Zulhajji ko daren da ya gabace ta, da ranar awon kaya. A irin waɗannan ranaku ka tambayi ma'aikata ko akwai liftar kaya, yawancin manyan otal suna da ita a baya.

Ka dubi ƙasan ƙofar za ka ga wani siririn kwari a jikin ƙarfe, a ciki ƙofar ke zamewa. Ƙwallon dabino guda ɗaya in ya faɗa ciki ya isa ya hana ta rufewa, kuma liftar da ƙofarta ba ta kulle ba ba ta tashi. Mun sha buɗe wannan kwarin mu tarar da tsinken sakace, ɓarin goro, murfin gora, tsakuwa. Ruwa ma haka: gorar zamzam in ta zube a bakin ƙofa, ruwan ta ratar yake bi ya sauka kan wayoyi.

A ciki kuwa abin ba shi da yawa. Mai shigowa ya yi sallama guda, a amsa, magana ta ƙare. Mai nisa ya wuce ciki, mai sauka kusa ya tsaya gaba, kowa ya fuskanci ƙofa. Wanda ya samu kansa kusa da maɓallai ya zama direba, shi zai danna wa kowa. Za ka haɗu da 'yan Indonesiya da Turkiyya da Pakistan, ba ka jin yarensu ba sa jin naka, sai ka nuna lambar hawanka da yatsu, ya fi ka miƙa hannu ta kan kafaɗar mutane. Idan kana bakin ƙofa aka tsaya a hawan da ba naka ba, fita ka ba na baya hanya sannan ka dawo, babu mai cinye maka gurbi. Jakar goyo a sauke ta a riƙe a gaba. Waya ta jira, ko ba komai sadarwa yankewa take a ciki, mutum ya yi ta ɗaga murya a kunnen jama'a. Tarin nan da ke kama alhazai kuwa, wuri ƙarami rufaffe irin wannan ne yake samun hanya, don haka ku sa takunkumi, mai tari ya kau da kai ya rufe baki.

Abu biyu sun keɓanta da can. Na farko turare: kada ka fesa a cikin lifta, kada kuma ka shiga da shi sharkaf a jiki a kwanakin da mutane ke cikin harami, domin gogayya ake yi, kana iya shafa wa wanda aka hana shi. Na biyu harshe. Kada ka yi maganar wani da Hausa kana ganin ba ya ji. Makka da Madina cike suke da Hausawan da aka haifa a can, da ma Larabawan da ciniki da alhazai ya koya musu.

Game da maza da mata, malamai sun tattauna ko kaɗaicewar namiji da mace a lifta na shiga hukuncin keɓewar da aka hana, kuma wannan fagensu ne, ka tambayi malamin tawagarku. Ta fuskar ladabi dai, idan ƙofa ta buɗe ka ga mace ita kaɗai, ja baya ka jira ta gaba, ba ka yi asarar komai ba. In an cakuɗa, mata su yi gefe ɗaya maza gefe ɗaya, kai ka tsaya tsakanin Hajiya da sauran maza. Lifta ta cika da mata saura gurbi guda, wannan gurbin ba naka ba ne.

Ranar da kuka isa, kafin ku kwanta, ka ɗauki Hajiya ku hau ku sauka lokacin da babu jama'a, ta danna da hannunta. Ka nuna mata maɓallin hawan fita, domin ba kullum ne lamba 1 ba. Wani wuri G ne, wani 0, wani L. Harafin M yawanci wani ɗan hawa ne tsakanin ƙasa da na farko, B ko lamba mai alamar ragi kuma ƙarƙashin ƙasa. A dogayen gine-gine, irin benen agogon nan na Abraj Al-Bait da ke gaban Harami, mai tsawon mita 601 da aka kammala a 2012, liftoci rukuni-rukuni ne, kowane rukuni da hawan da yake zuwa, wani lokaci ma sai an sauka an canja. A karanta abin da aka rubuta a saman ƙofa. Akwai kuma sabon tsari da ake danna lambar hawa tun a waje, allo ya nuna maka harafin liftar da za ka shiga, A ko B ko C. A cikin irin wannan babu maɓallan hawa, saboda haka wanda ya bi bayan wani ya shiga, inda wancan za shi can za a kai shi. Matambayi ba ya ɓata. Ka rubuta mata lambar hawa da ta ɗaki a bayan katin otal ta sa a jakar wuyanta, don kowane hawa kama yake da ɗan'uwansa.

Idan lifta ta tsaya da ku a tsakani, ga abin da ya kamata ka sani don ka kwantar wa mutane hankali. Birkin injin lifta wutar lantarki ce ke buɗe shi, in wuta ta ɗauke da kansa yake damƙewa. Wato liftar da ta tsaya a riƙe take gam. Akwatin yana da kafofin iska, numfashi ba zai ƙare ba, sai dai zafi. Wasu suna da batirin da ke lallaɓa su zuwa hawa mafi kusa su buɗe, wasu sai janareto ya tashi. Ka danna maɓalli mai hoton ƙararrawa ko na waya, ka faɗi cewa akwai tsohuwa a ciki. In ba a amsa ba kuma wayarka na da sadarwa, lambar kiran gaggawa a Makka da Madina 911 ce. Mutum ɗaya ya yi magana, saura su yi shiru don a ji amsa. Kada a yi tsalle, kada a ɓanɓare ƙofa, kada kuma kowa ya yarda ya fita ta rabin ƙofa ko da na waje sun miƙo hannu. Haɗarin gaske yana nan ne: ƙarƙashin akwatin rami ne, kuma wuta na iya dawowa lifta ta motsa mutum na tsakani. A jira makaniki ya kashe wuta ya daidaita ta. In gobara ce kuwa, matakala ake bi, ko da za a goya Hajiya ne. Ka san inda ƙofar matakalar hawanku take tun ranar farko.

Duk kariyar da na lissafa tana aiki ne idan ana kula da injin. A watan Agustan 2023 wata matashiyar likita ta rasu a Legas bayan liftar gidan kwanan likitoci ta faɗo da ita, kuma abokan aikinta sun ce an daɗe ana kuka da wannan liftar. Don haka idan ka ji ana ƙarar gogar ƙarfe, ko tana fizga, ko tana tsayawa ba daidai da daɓe ba, ko ƙofarta na bugun mutane, ku fita a hawa na gaba ku canja wata. Sannan ka je teburin karɓar baƙi ka faɗa, ka kuma sanar da jami'in tawagarku. Ka gaya musu wace lifta ce daga cikin jerin, a wane hawa abin ya faru, tana hawa ne ko tana sauka, da ƙarfe nawa. Da wannan bayanin makaniki ke sanin inda zai fara dubawa.